Kada Ki Jira Sai Ciki Ya Tsufa Kafin Ki Fara Awo



Akwai wata ɗabi'a da ke damuna a ɗakin awo. Mace za ta zauna a gida sai ciki ya kai wata bakwai ko takwas, sannan ta zo ta yanki kati, wai don kada a yi mata faɗa ranar haihuwa. Wata kunyar cikin fari ce ta hana ta, wata kuma uwar miji ce ta ce ai lafiyarta ƙalau. A ganina wannan ganganci ne da rai biyu.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa zuwa awo aƙalla sau takwas, maimakon huɗu da aka saba, kuma zuwan farko kada ya wuce mako 12.

Ranar farko tana da tsawo, don haka ki karya kumallo kafin ki fito. Za mu tambaye ki ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, haihuwa nawa kika yi, ko kin taɓa ɓari ko an taɓa yi miki aiki. Don Allah ki faɗi gaskiya, sirrinki ne. Za a auna nauyinki, a gwada fitsari, a ɗebi jini don a san yawansa da rukuninsa, a duba sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Na san gwajin ƙanjamau yana tsorata mata, amma idan an gano da wuri akwai maganin da ke kare jariri. Hoton ciki kuwa ya fi amfani kafin mako 24.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hawan jini. Mace tana iya jin kanta garau alhali jininta ya kai 140/90, kuma daga nan ake kaiwa ga jijjiga. Ba a gane shi da ido, sai an auna. Shi ya sa muke ta cewa ki dawo, ko da layi ya yi tsawo, ko da wata a cikinmu ta ɗaga miki murya, wanda bai dace ba.

Za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarau, da Fansidar wata-wata daga mako na 13 saboda zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin kan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba matsala ba ce, kada ki zuba su a ƙarƙashin katifa.

Idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko jiri da dishi-dishin gani, ko motsin jariri ya ragu, ki taho nan take, ko tsakar dare ne.

Maigida, kai kuma ka ba ta izinin fita tun yanzu ko ba ka nan, ka ajiye kuɗin mota, ka kuma nemi wanda zai ba da jini idan buƙata ta taso.