Dutsen da aka bari a titi da keken da ba a duba ba

Babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya. Yaran mota suka diro, suka kawo duwatsu suka tokare tayoyi, suka karyo rassan darbejiya suka jera a baya don masu zuwa su ankara. Bakanike ya zo ya kwanta a ƙarƙashi, ya tsiyayar da baƙin mai a kan kwalta. Da injin ya tashi kowa ya ɗare, aka kama hanya. Duwatsu suna nan, rassa suna nan, mai yana nan. Mai motar da ya biyo baya zai taka ya wuce, iyakarsa tsaki. Wanda tarkon yake jira shi ne mai keken da zai zo bayan magariba, da buhun gawayi a kariya, ba fitila.

Ba haka kawai tarkace ke taruwa a inda mai keke yake bi ba. Tayoyin motoci suna share tsakiyar titi dare da rana, duk abin da suka taka sai su watsa shi gefe: tsakuwar da ta zubo daga tifa, fasassun gilasan hatsarin jiya, ƙusoshi, wayar tayar da aka ƙone, ɓawon rake, ledar ruwa. Da damina ruwa yakan kwaso yashi ya shimfiɗa a kwana da ƙasan gangare. Masu yashe kwata su tula laka a bakin titi da sunan mota za ta zo ta kwashe, har ta bushe ta fara komawa inda ta fito. Mai gini ya sa a juye masa yashi a kan rabin hanya, ya yi wata uku yana ɗiba. Wannan gefen kuwa shi ne rabon mai keke, domin da ya matsa tsakiya hon ɗin ɗan a-daidaita-sahu zai maido shi.

Mota tana kan tayoyi huɗu masu faɗi. Keke kuwa, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya ɗan wuri ne da yatsu biyu za su rufe. Idan tayar gaba ta hau yashi a kwana, ko aka matse birkin gaba a kansa, sai ta zame kafin mutum ya sa ƙafa. Idan kara ko waya ta shiga cikin sifoki ta tokare da fok, tayar za ta tsaya cak, mahayi ya tashi ta saman kan keken ya sauka da hannu ko da fuska. Idan kuma ya hango dutsen a makare ya kauce da sauri, sai ya faɗa gaban wanda ke tahowa a bayansa.

Inda ake ƙirga irin wannan, adadin ba ƙarami ba ne. A 2016 gidauniyar AAA ta Amurka ta fitar da binciken da ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen kan hanya ya shiga cikin haɗurra sama da 200,000 a ƙasar, mutum kusan 39,000 suka ji rauni, sama da 500 suka mutu. Kusan biyu bisa uku na haɗurran daga kayan da suka faɗo daga wata motar ne, kuma fiye da ɗaya bisa uku na mace-macen a wajen kaucewa suka faru. Yawancin waɗannan mutane ne da ƙarfe ya kewaye su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 kuma ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kashi 6 cikin 100 mahaya keke ne, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Mu kam idan mutum ya faɗi sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma dutsen nan ba daga sama ya faɗo ba, hannu ne ya ajiye shi, kuma mai hannun yana da suna. Ga shi kuma masu keke sun ƙaru: tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, magidanta da yawa sun kakkaɓe tsohon Raleigh ko Phoenix da ke jingine a zaure. Malamin firamare, ɗan kasuwa, ɗalibi, dattijon da rabonsa da feda tun yana saurayi, duk sun dawo wannan gefen titin da muka mayar juji.

Laifin mai ajiye dutse a fili yake. Akwai kuma sakaci na biyu, wanda mai keken yake yi wa kansa, shi ma ba ƙaramin kisa yake yi ba.

Da mutum ya faɗi sai jama'a su taru: "Subhanallahi! Sannu malam, ba ka ji ciwo ba?" Shi kuwa abin da ya fi damunsa idon mutane ne. Ya miƙe da sauri, ya kaɗe riga, ya ce "Ba komai, alhamdulillahi," ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa kan keken ya daidaita, ya hau ya bar wurin. Jikinsa da zafi, don haka bai san abin da ya same shi ba. Keken ma bai faɗa masa komai ba.

Ko ƙwararru wannan gaggawar ta taɓa ci. A tseren Paris-Roubaix na Faransa a 2006, Ba'amurke George Hincapie ya faɗi tun da sauran tafiya, ya tashi ya ci gaba a kan keken. Can gaba, yana cikin rukunin da ke kan gaba, ƙarfen da ya haɗa kan keken da fok ya karye a kan hanyar duwatsu. Sai ga shi da kan keke a hannu babu abin da yake juyawa, ya kifa gefen hanya, kafaɗarsa ta samu rauni, tseren ya ƙare masa a nan. Wannan mutum ne da motar kanikawa ke biye da shi da wani keken a sama. Ina ga wanda zai gangara gada da yaro a goye?

Saboda haka bayan faɗuwa, a fara da barin tsakiyar titi, sannan a zauna. Jiki ake fara dubawa kafin keke. Wanda kansa ya bugu, ko da bai suma ba, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ba na ƙa'ida ba, ruɗewa, ko maimaita tambaya ɗaya, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take, domin jini kan taru a cikin ƙoƙon kai a hankali alhali mutum yana magana lafiya lau. Wanda ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun yi masa sanyi ba ya jin su sosai, kada a ɗaga shi a miƙar da shi da ƙarfi kamar yadda muka saba yi don tausayi.

Yara suna da nasu haɗarin. Bakin kan keke yakan soki yaro a ciki, a waje ba a ganin komai sai ɗan shati, alhali saifa ko hanta ta fashe daga ciki. Yaron da ya faɗi da rana ya fara kukan ciki ko amai da dare, ba maganin tsutsa yake buƙata ba. Manya kuma da hannu suke tare ƙasa, shi ya sa wuyan hannu da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji suka fi karyewa. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa wanda yakan tsage a ɗauka targaɗe ne, wani lokaci ko hoton farko ba ya nuna shi, in aka bar shi kuma ya ƙi haɗewa. Ba na raina masu ɗori, sun yi wa al'umma aiki tun kafin a gina Asibitin Ƙashi na Dala. Amma a ɗauki hoto tukuna, kowa ya san abin da yake ja. Ƙujewa kuwa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har yashin ya fita. Kada a zuba mata fetur, ko man birki, ko ƙasa. In raunin ya yi zurfi ko ya yi datti, a je a tambayi allurar tetanus a ranar, domin cutar takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana.

Sai keke. Tsohon mai gyara ba ya tambayar ka yadda ka faɗi. Zai kifa keken a kan sirdi da kai, ya juya taya, ya kafa babban yatsansa dab da bakin wili yana kallo. In wilin yana zuwa ya taɓa yatsan ya koma, ya lanƙwashe. Zai bi sifoki bibbiyu yana matsawa, ya ji wanda ya saki. Zai bi bayan taya da hannu ya ciro ɗan gilashin da bai gama shiga ba, ya duba gefenta ko ta yanke har zare ya fito. Sannan ya sa farce a ƙarƙashin bututun firam, daidai bayan wuyan keken, yana laluben wani ɗan tudu ko inda fenti ya tsattsage. A nan firam yake nuna ya sha duka daga gaba. Duk wannan mai keke zai iya yi da kansa a bakin hanya.

A ƙara da abu huɗu. A tsaya daga gefe a dubi fok: in tayar gaba ta matso kusa da firam fiye da yadda aka saba, ya lanƙwasa baya. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya, in ana jin ƙwas-ƙwas a wuya, wani abu ya saki. A gwada birki biyun a tsaye, musamman irin na sanda da ke jikin tsofaffin kekuna, domin sandar takan tanƙware robar ta daina kama wili. A keke mai giya kuma a dubi ƙarfen da ke sauya sarƙa a baya: in ya karkata ciki, ranar da aka sa giyar hawan tudu zai shige cikin sifoki ya tsayar da tayar.

Wani abin da masu sayen kekunan gwanjo ya kamata su sani shi ne, ba duk ƙarfe ne ɗaya ba. Baƙin ƙarfen tsofaffin kekuna yakan lanƙwasa ya yi gargaɗi kafin ya karye, ƙaramar lanƙwasa ma gwani na iya miƙar da ita. Alminiyon, wanda ake yin yawancin marasa nauyin nan da shi, ba ya son a lanƙwasa shi a maido, tsagewa yake yi, ya karye ba sallama. Kan keke ko fok na alminiyon da ya tanƙware, canji ne maganinsa, ba a zura masa bututu a danne. Hular kwano ma bugu ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Kumfar cikinta da ta matse sau ɗaya ta gama aikinta, ko da bayanta yana ƙyalli.

Na san abin da wani zai ce: mutumin da ya koma keke saboda ba shi da kuɗin mota, ina ya ga na sabon fok? Maganar tana da nauyi. Amma dubawa kyauta ce, tura keke da hannu zuwa gida ma kyauta ne. Kuma duk tsadar fok bai kai kuɗin ɗaurin karaya da wata biyu a kwance ba, ga iyali suna jiran cefane.

Hukumomi na son yi mana wa'azin keke. Tun 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau, har wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Tun 2018 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke, ake ganin manya suna zagaye da rakiyar jiniya a titunan da aka share musu. Abin da mai keke yake nema bai kai haka tsada ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da irin su KAROTA a Kano, su tilasta wa masu tifa rufe kaya da tamfol, su kuma riƙa tsayawa har direban da motarsa ta lalace ya kwashe duwatsunsa kafin ya tafi. Ƙungiyoyin direbobi su sa wannan cikin dokokin tasha. Hukumomin tsabta irin su REMASAB su haɗa ranar yashe kwata da ranar kwashe laka. Mai unguwa ya ba mai gini wa'adin ɗauke yashinsa.

Sauran kuma namu ne. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma reshe ne na imani. Kai da shagonka ke kallon titi, tsintsiya ɗaya da safe ta isa. Kai da ka ga dutse a kwana, tsaya ka ture shi. Kai kuma mai keke, in ta faru, bar masu kallo su yi kallonsu: zauna ka duba jikinka, ka duba kekenka, in kana shakka ka tura shi da hannu. Allah Ya kiyaye mana hanya.