Kafin ka shigo da pit bull gidan da ke da ƙananan karnuka

A sababbin unguwannin Sakkwato, irin su Arkilla da Bado da Gwiwa, ba abin mamaki ba ne yanzu ka ji haushin ƙaton kare daga bayan doguwar katanga. Matsalar tsaron da ta addabi gabashin jihar, daga Isa zuwa Sabon Birni, ta sa har mazauna birni suna neman abin da zai sa su yi barci da ido biyu rufe. Daga cikin karnukan waje da ake sha'awa akwai pit bull, kuma sau da yawa kyauta yake zuwa: aboki ya samu canjin wurin aiki, ko matarsa ta ce ko ita ko karen, sai ya nemi wanda zai karɓa. Mai karɓar kuwa wataƙila yana da 'yan ƙananan karnuka masu gashi, irin Lhasa ko Eskimo, waɗanda yara suka shaƙu da su.

Ra'ayina shi ne, a mafi yawan gidajenmu amsar da ta dace ita ce a'a. Dalilin ya fi danganta da fasalin gidajenmu da yadda muke zaune fiye da halin shi karen.

An samar da kakannin wannan kare ne a Ingila cikin ƙarni na 19, ta hanyar barbarar ƙarfafan karnukan da ake sakar wa bijimai a wasan kallo da wasu ƙananan karnuka masu zafin nama da ke kashe ɓeraye. Da majalisar ƙasar ta haramta wasan bijimai a 1835, sai masu caca suka koma haɗa kare da kare a cikin rami, domin ya fi sauƙin ɓoyewa. Daga kalmar rami ta Turanci sunan ya fito. Shekaru da dama ana zaɓen karen da ba ya ja da baya in ya kama ɗan'uwansa, amma wanda mai shi zai iya sa hannu ya janye ba tare da ya juyo kansa ba. Shi ya sa ƙungiyar United Kennel Club ta Amurka, wadda ta fara yi wa irin rajista a 1898, ta bayyana a ƙa'idarta cewa akasarinsu na nuna wani mataki na faɗa da sauran karnuka, alhali kai wa mutum hari ba ɗabi'ar irin ba ce. Birtaniya kuwa ta hana mallakarsa ba da izinin kotu ba tun 1991.

Masu kare wannan iri suna da hujjoji, kuma adalci ne a kawo su. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da ya tattara bayanan karnuka fiye da 18,000, ya kuma gano cewa irin kare yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Akwai kuma labarin Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon Amurka da aka kama a 2007 da laifin shirya faɗan karnuka a jihar Bajiniya. An ƙwace kusan 50 daga gidansa, masana suka auna halin kowanne ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗa. Da yawa daga cikinsu sun ƙare rayuwarsu a gidajen mutane, wasu ma tare da wasu karnukan. Batun da ake yaɗawa cewa muƙamuƙin pit bull yana kullewa in ya ciji abu shi ma ba gaskiya ba ne. Ƙirar haɓarsa ɗaya ce da ta kowane kare.

Sai dai a dubi abin da aka kashe kafin a kai ga wannan nasara. Kotu ta sa Vick ya biya kusan dala miliyan 1 don kula da karnukan. Wata cibiya a jihar Yuta ta ɗauki 22 mafiya wahala, ta yi shekaru tana horar da su, kuma akwai waɗanda ba su taɓa barin cibiyar ba har suka mutu. Darasin labarin shi ne kowane kare da halinsa, kuma sanin halin yana buƙatar gwani da lokaci da kuɗi. Wanda aka kawo wa kare a bayan mota daga Jos ko Abuja, ba takardar riga-kafi, ba wanda ya san uwarsa ko ubansa, ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Mai bayarwa kuma ba kasafai yake faɗin ainihin abin da ya sa yake son rabuwa da shi ba.

Ko da an dace da mai sanyin hali, akwai lissafin da ba ya canzawa. Baligin pit bull yana kai kilo 14 zuwa 27, Lhasa kuwa kilo 5 zuwa 8. Karnuka biyu masu girma ɗaya za su iya yin rigima a kan ƙashi su rabu da ƙwarzane. In ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu, kamu guda a wuya da girgizawa ɗaya sun isa. Ƙaramin kare mai gudu yana ƙara da siririyar murya yana kuma iya tayar wa babba da sha'awar farauta, ko da da wasa aka fara. Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙuruciya: kwikwiyon da ke kwana tare da ƙananan karnuka yana iya sauyawa idan ya cika girma, tsakanin shekara 1 zuwa 3, ya daina haƙuri da abin da ya saba haƙuri da shi. Watanni shida na zaman lafiya ba shaida ba ne.

A ƙasashen da ake yin wannan haɗi ana yin sa ne bisa tsari mai tsauri. Akan fara haɗa karnukan a waje, kowanne da igiyarsa da mai riƙe da shi, suna tafiya nesa da juna. A gida kowa da kejinsa da wurin cin abincinsa, ba a barin ƙashi ko abin wasa a tsakani, kuma ba a barin su tare sai da babban mutum a tsaye. Wasu gidajen har abada ba sa haɗa su: in an saki wannan an kulle wancan. Tsarin yana tafiya ne idan mutum biyu ko uku ne a gidan, kuma kowa ya san dokar ƙofa.

To, a auna wannan da gidan Basakkwace. Tsakar gida ɗaya ce, kowa ta nan yake bi. Almajiri zai shigo ɗaukar shara, mai ruwa zai turo ƙofa, 'ya'yan maƙwabta za su shigo wasa, baƙi daga ƙauye za su sauka ba sanarwa. Ga kaji da zabi da tantabaru, ga akuya da 'ya'yanta, ga ragon layya da ake turkewa makonni kafin Sallah. A irin wannan gida, dogaro da cewa kowa zai tuna ya saka sakata kullum har shekara 10 ko 12 daidai yake da bai wa kura ajiyar nama. Abin da yakan faru a ƙarshe shi ne a ɗaure karen da sarƙa a gindin katanga yini guda. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kare mai ƙarfi da ke buƙatar motsa jiki kullum yana kwance a ɗaure, ba ya ganin kowa sai mai miƙo masa tuwo. Ɗauri irin wannan yana ƙara wa kowane kare zafin rai, kuma ran da sarƙar ta tsinke ƙaramin kare ne zai fara gamuwa da shi, in an yi sa'a ba yaro ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata ta gaskiya. Amma littattafan fiƙihu sun kuma ɗora wa mai kare mai cizo alhakin ɓarnar da ya yi, musamman idan an riga an gargaɗe shi. Izinin ajiyewa tafe yake da nauyin lamuni, kuma haƙƙin dabbar da aka riga aka ajiye bai faɗi ba don an samu wadda ta fi ta kwarjini. Ƙananan karnukan nan amana ne a hannun mai gida tun kafin baƙon ya zo.

Wanda duk da haka ya ga zai iya, ga mafi ƙarancin abin da ya kamata ya cika. Ya kai karen wurin likitan dabbobi kafin ya taka gidan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a nan cikin gari. A yi masa allurar riga-kafin haukan kare, a kuma duba ta ƙananan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ya tambayi tsohon mai shi ƙarara ko karen ya taɓa kashe kyanwa ko kaza ko ya ciji wani kare. In amsar e ce, magana ta ƙare. Ya gina masa sashe na daban mai inuwa da ruwa da ƙofa biyu a jere, yadda in an manta da ɗaya ɗayar za ta tare. Ya saba masa da takunkumi, ya kuma fita da shi da asuba ko bayan magariba kullum. Sannan ya yarda tun farko cewa mai yiwuwa karnukan nan ba za su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Idan kuwa abin da ake nema gadi ne, to amfanin kare a gida haushinsa ne, ya tashi mai gida kafin ɓarawo ya diro. Karen gida na gargajiya, irin wanda mafarauta da makiyaya suka daɗe suna yawo da shi a wannan yanki, yana yin wannan aiki, ya saba da zafinmu, kuma ciyar da shi bai kai rabin wahala ba. Su kansu ƙananan karnukan da ke gidan ba a bar su a baya wajen haushi ba. Mai gidan da ya ce wa abokinsa ya nemi wani gida mai fili, wanda ba yara ba ƙananan dabbobi, ya kyauta wa iyalinsa da maƙwabtansa, ya kuma kyauta wa shi kansa karen.