Makantar da ta fi ta ido muni

A babi na 9 na Bisharar Yahaya, Yesu ya ci karo da wani da aka haifa makaho. Almajiransa suka fara neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Yesu ya watsar da wannan lissafi, ya kwaɓa laka ya shafa masa a ido, ya tura shi ya wanke a tafkin Siluwam. Mutumin ya dawo yana gani.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Farisiyawa, masana Attaura, suka tsare shi da tambayoyi don an warkar da shi ranar Asabar, suka kira iyayensa, daga ƙarshe suka kore shi. Idanunsu lafiya lau, amma sun kasa ganin alherin da ke gabansu. Koyarwar Kirista na kiran wannan makantar zuciya, kuma ta fi kama masu ganin sun riga sun san komai.

Ni dai ina ganin mu 'yan coci ne ya kamata mu fi jin tsoronta. Mutum zai fito daga sujadar Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya wuce makaho da ɗan jagoransa a bakin ƙofa, har ya raɗa wa ɗansa cewa alhaki ne ke bin su.

Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, yana cire wa mutane yanar ido ba tare da tambayar addininsu ko zunubinsu ba. Hasken bangaskiya haka ya kamata ya kasance: ya sa ka fara tambayar me za ka yi wa mabukaci.