A Kira Makaɗa Da 'Yan Wasa Su Yi Bayani

A shekarar 2021, a taron ƙasashen duniya na birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin shekarar 2060 Nijeriya za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙin da ke ɗumama duniya. A watan Agusta na 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi, watau a rage dogaro da fetur da itace, a koma ga gas da hasken rana. Shiri ne mai kyau, amma da Turanci aka rubuta shi. To, wa ya kai labarinsa Disina, ko sauran garuruwan ƙasar Shira da Katagum?

Ba wai mutanen can ba su da ruwa da zancen ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, manomin rani a fadamun kogin Jama'are ya ga yadda injin ban-ruwa ke cinye ribarsa tun bai kai kaya kasuwa ba. Uwargida kuwa kullum tana cikin hayaƙin murhu, ga tari ga ciwon ido, itacen ma sai an yi nisa ake samunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan hayaƙi na cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Dattawa za su tuna yadda aka yi a da. Motar majigi ta riƙa shiga ƙauyuka da fim ɗin Baban Larai domin koyar da noman auduga. Da aka koma tuƙin dama a watan Afrilu na 1972, aka kuma sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a Janairun 1973, waƙa da rediyo ne suka kai bayanin wuraren da takardar gwamnati ba ta isa ba. Bahaushe yakan manta jawabin babban jami'i kafin ya isa gida, amma abin da ya ji a bakin mai kalangu, ko ya gani a wasan Samanja, yana nan daram.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da Masarautar Katagum su jawo marubuta waƙa, da 'yan fim, da yaran da ke tashe a watan azumi. A shirya wasan kwaikwayo ranar kasuwa, a kafa famfo mai aiki da hasken rana a gefe yana zuba ruwa kowa na gani, gama gani ya kori ji. Mata kuma a bi su da zabiyoyi a gidajen biki, don su ne masu murhu.

Sai dai akwai sharaɗi. Kada a sa mawaƙi ya yabi abin da talaka ba zai iya saye ba. In an kuranta murhun gas alhali sai an je Azare kafin a cika tukunya, ko famfo ya lalace babu mai gyara, mutuncin mawaƙin ne zai zube, gobe kuma ba wanda zai saurare shi. A fara horar da samari masu gyara a Disina, a tsara biyan kuɗin famfo kaɗan-kaɗan bayan girbi, sannan a aika wa makaɗa goro.