Wasiƙa Zuwa ga Masu Haɗa Sifika

Iyayen gidana da 'yan'uwana masu haɗa akwatunan sifika da gyaransu, na Sabon Garin Kano da na sauran kasuwanni, maganata a kan ɗan allon nan ce da ke ɓoye cikin akwati, wanda muke kira kirosoba.

Kun san aikinsa: kafasita ta hana sauti mai kauri isa ga tuwita, koyil ya hana siririn sauti isa ga wufa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake liƙa duk kafasitar da ta zo hannu, ko a cire allon wani akwati a dasa wa wani. Kirosoba ɗinki ne, sai an gwada jikin mai riga. Tuwita mai om 8 da ake so ta karɓi aiki daga 3,000 Hz tana buƙatar kafasita ta kusan maikirofarad 6.6, wufarta kuma koyil na kusan milihenri 0.42. To, mai kaya ya ce a ƙara masa ƙarfi, ka haɗa tuwita biyu da wufa biyu a faralel, allon kuwa ba ka taɓa shi ba. Kowane ɓangare ya koma om 4. Yanzu tuwita ba ta kama aiki sosai sai daga 6,000, wufa kuma ta fara janyewa tun daga 1,500. Tsakaninsu an bar rami, kuma a daidai nan ne kunne ke rarrabe haruffan magana. Shi ya sa a wani masallacin muryar liman na kaiwa bakin titi, amma na sahun baya bai san me huɗuba ta ƙunsa ba. Wannan hakki ne a wuyanmu.

Om 8 ɗin ma da ke rubuce a bayan maganaɗisu ƙiyasi ne. Mita za ta nuna maka kusan 6, kuma om ɗin yana hauhawa yayin da sauti ke ƙara sirancewa. Don haka lissafi mafari ne, sai an bi shi da awo da saurare.

In an kawo maka tuwita a ƙone, kada ka yi gaggawar sauya ta. Tambayi mai ita da wace amfilifaya yake tura ta. Ƙaramar amfilifaya da aka mure har murya ta fashe tana ƙona tuwita, ko da allon lafiyarsa ƙalau. Sannan ka ɗaga ƙafar kafasita guda ka auna ta. Irin mai ruwa a ciki tana bushewa, balle a akwatin da ke wuni cikin ranar Afrilu a filin biki. Kafasita mai alamar tarawa da ɗebewa ba ta nan ba ce. Nemi marar alama, mai ɗaukar wuta da yawa. Duba dalma kuma, don jijjigar a-kori-kura na tsinke ƙafar koyil mai nauyi in ba a ɗaure shi ba.

Akwatin DJ da na wa'azi kafasita ɗaya ba ta isar su kariya. A yi musu mai hawa biyu, kafasita da koyil a kowane ɓangare, mai rage 12 dB maimakon 6. Amma irin wannan yakan sa wufa da tuwita su yi hannun riga a wurin rabo, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Juya wayoyin tuwita ka saurari muryar mutum. Inda ta fi cika, nan ne daidai. Koyil biyu kada su kwanta fuska ɗaya kusa da juna, a tayar da ɗaya tsaye. In tuwita mai ƙaho ta fi wufa tsawa, a sauke ta da rasistoci biyu, ɗaya a kan layi ɗaya a gicciye, don wurin rabo ya tsaya inda aka lissafa.

Ina roƙonku ku rubuta girman kafasita da koyil da om ɗin sifikokin a cikin akwati kafin ku rufe, kuma ku zaunar da yaran shago ku koya musu lissafin nan tare da riƙon ƙarfen dalma.