Linux ba ta da jadawalin alkawura, kuma daidai ke nan

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin wasu malamai ƴan'uwana, musamman waɗanda aka ɗora wa koyar da kwamfuta a kwaleji da lise. Wai manhajar Linux aikin ƴan sa-kai ce marar tsari. Hujjarsu ita ce babu inda mutum zai je ya ga jadawali mai cewa abu kaza zai fito a wata kaza. Kamfani na gaske, in ji su, yakan faɗa maka abin da zai kawo da ranar da zai kawo shi. Da maganar ta tsaya a ɗakin malamai da na yi shiru. Amma ana kai ta aji, yara na rubutawa a kaye suna haddacewa. Ni kuwa ina ganin rashin jadawalin nan yana cikin abubuwan da suka fi dacewa mu nuna wa yaranmu, domin hanya ce ta gaskiya ta auna ko aiki na ci gaba ko yana tsaye.

Bari in fara da iyaye, kada su ce zancen bai shafe su ba. A cikin kowace waya da kwamfuta akwai wata manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin da muke latsawa. Ita ke raba ma'adana, ita ke ba kowane aiki lokacinsa, ita ke magana da kyamara da batir da allon waya. Masu sana'ar na kiran ta kanel. Linux kanel ne, Linus Torvalds ya sanar da fara shi a watan Agusta na 1991, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya kawo gyara. Duk wayar Android da ke aljihunku, Tecno ce ko Itel ko Samsung, a kansa take tafiya.

Abin da masu neman jadawali ba su faɗa wa yara shi ne, an taɓa gwada irin tsarin da suke so. A da, sai an tara manyan sabbin abubuwa, an jira sun nuna, sannan a fitar da sabon kanel. Lamba 2.4 ta fito a Janairun 2001. Wadda ta biyo ta, 2.6, ba ta fito ba sai Disamban 2003. Kusan shekara uku ke nan ana jira. A tsakanin nan kamfanonin da ke rarraba Linux suka gaji, kowa ya riƙa ɗebo sabbin abubuwa yana liƙa wa tsohon kanel, har nasu ya bambanta da na juna. Duk wanda ya taɓa zama a tasha cikin motar da ba ta tashi sai ta cika ya san wannan hali: fasinja ɗaya da bai iso ba ya tsare mutum goma sha takwas cikin rana.

Daga wajajen 2005 suka koma tsarin bas mai tashi da lokaci. Da zarar an fitar da kanel, sai Torvalds ya buɗe ƙofa ta mako biyu, masu kula da sassa su kawo abin da ya riga ya kammala. Mako biyu na cika a rufe. Daga nan sai fitowar gwaji, kowace Lahadi ɗaya, yawanci bakwai, wani lokaci takwas, kuma a lokacin gyaran kurakurai kawai ake karɓa. Cikin mako tara zuwa goma sabon kanel ya fito, a sake buɗe ƙofa. Wanda kayansa ba su shirya ba ya jira bas na gaba, ba a tsayar da kowa dominsa. Kowace fitowa tana ɗauke da faci sama da 10,000 daga hannun mutum wajen 2,000, kuma shekara ashirin ke nan ana haka. Wannan ne marar tsari? Alkawarinsu ɗaya ne, lokacin tashi, kuma suna cika shi.

Batun ƴan sa-kai ma ba haka yake ba. Mafi yawan masu rubuta kanel albashi ake biyan su, a kamfanoni irin Intel da Google da Red Hat da AMD. A nan ne ma dalilin rashin jadawalin yake. Torvalds ba shi ke biyan su ba, ba zai iya umartar injiniyan Intel ya ajiye aikinsa ya kama wani ba. Ikonsa shi ne ya karɓa ko ya ƙi. Mutumin da ba shi da iko a kan ma'aikata, in ya rubuta ranar da za su gama aiki, romon baka ya sayar.

Ku dubi aikin da ake kira PREEMPT_RT. Manufarsa ita ce kanel ya amsa kira cikin ƙayyadadden lokaci ba tare da jinkiri ba, abin da injin masana'anta da na'urar ɗaukar sauti ke buƙata. Ingo Molnar da Thomas Gleixner da Steven Rostedt suna cikin waɗanda suka ɗauko shi tun wajajen 2004. Bai gama shiga ba sai a lamba 6.12, wadda ta fito a Nuwamban 2024. A watan Satumban shekarar, a birnin Biyana, Gleixner ya miƙa wa Torvalds takardar neman shigar da kashi na ƙarshe a buge, an naɗe ta da takarda mai ruwan zinare. Da jadawali ake dubawa, da sai a ce aikin ya yi shekara ashirin a wuri ɗaya, kullum “yana tafe”. Alhali a tsawon shekarun nan an riƙa gutsuro shi ana shigarwa kaɗan-kaɗan, kamar agogon ciki mai auna lokaci daki-daki, da na'urar gano inda ayyuka biyu za su iya kulle juna. Kowa ya amfana da su tun kafin a gama. Abin da ya tsare ƙarshen aikin shi ne sashen da kanel ke rubuta saƙonninsa da shi, wanda kan iya riƙe na'ura yayin da yake rubutu. Sai da aka sake gina shi. Babu ranar da za a rubuta a takarda ta warware wannan matsala.

Akwai kuma waɗanda kowa ya yi zaton sun shiga. A 2015 Greg Kroah-Hartman, wanda ke kula da kanel ɗin da aka riga aka fitar, kuma ɗaya daga cikin mafi kusa da Torvalds a aikin, ya nemi a shigar da kdbus. Aka yi ta muhawara a kan yadda aka gina shi, ba a karɓa ba, daga baya aka bar shi. Shi kuwa bcachefs, wani tsarin ajiye fayil, ya shiga a lamba 6.7 a Janairun 2024 bayan shekaru ana aikinsa, sannan aka fitar da shi a 2025, bayan saɓani a kan kawo sabbin abubuwa a lokacin da ƙofa ke rufe. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

To, yaya ake bin sawun abin da ake jira? Da tambayar inda ya kai. Mataki na farko, an rubuta facin an aika wa jama'a su duba. A nan da yawa ke mutuwa, wasu kuma a sake rubuta su sau goma. Na biyu, mai kula da sashen ya karɓa ya ajiye a wurinsa. Na uku, ya shiga linux-next, wurin da tun 2008 ake haɗa aikin sassa daban-daban don a ga ko za su zauna lafiya da juna. Na huɗu, Torvalds ya karɓa a cikin makonni biyun nan. Na biyar, ya tsallake makonnin gwaji ba a cire shi ba. Duk matakan nan a fili suke, da kwanan wata da sunan wanda ya sa hannu. Idan kuka ga labari a Facebook cewa Linux “za ta kawo” wani abu, ku tambaya: mataki na nawa? Galibi za ku tarar na farko ne.

Ko shigar ma tana da daraja-daraja. An yi ta shelar cewa yaren Rust ya shiga kanel a lamba 6.1, a Disamban 2022. Gaskiya ne, amma harsashi kawai aka zuba a lokacin, babu wani abin da mai amfani da na'ura zai taɓa ya ji bambanci.

Ban ce tsarin ba shi da ciwo ba, masu suka suna da abin riƙewa a nan. Kamfanin da ya dogara da PREEMPT_RT ya yi shekaru yana ɗora facin da hannunsa a kan kowane sabon kanel, kuma kuɗi ne da wahala. Mutane na gajiya su tafi: a Agustan 2024 Wedson Almeida Filho, ɗaya daga cikin jagororin aikin Rust, ya ajiye muƙaminsa, ya ce gardamar da ba ta fasaha ba ta ishe shi. Masu kula da sassa sun daɗe suna kukan cewa masu kawo faci sun fi masu dubawa yawa nesa ba kusa ba. Amma wane daga cikin waɗannan ne jadawali zai warkar? Maganin ƙarancin masu dubawa shi ne a ƙaro su, a biya su. Sa rana kuwa sai dai ya matsa wa mai dubawa ya sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba, sannan abin ya sauka a kan na'urori biliyoyi.

Jerin da suka fi damuwa da shi wani ne daban: na abubuwan da a da suke aiki, sabon gyara ya lalata su. Dokar Torvalds a kan wannan tsattsaura ce, gyaran da ya karya abin da mutane ke amfani da shi ana iya cire shi komai kyansa. Har akwai mai bin sawun irin waɗannan, Thorsten Leemhuis. Mu malamai ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Mun san littafin da ake rubuta darasin da aka yi, a sa hannu, a ce an kammala manhajar shekara. Mu nawa ne ke riƙe da jerin abin da yaro ya iya bara, bana ya kuɓuce masa?

Iyaye, akwai mataki na shida, kuma shi ne ke cin kuɗinku. Shigar abu cikin kanel ba ta nufin ya iso wayar ɗanku. A kowace shekara ana zaɓar fitowa ɗaya a daɗe ana kula da ita, a kan irin waɗannan ake gina Android, sannan sai mai ƙera wayar ya ga dama ya turo sabuntawa. Ku shiga saitunan waya, sashen bayanin waya, ku nemi lambar kanel. Idan kun ga 4.19, asalinsa na 2018 ne, idan 5.10, na 2020. Don haka in mai shago ya ce ku ƙara jaka goma saboda wani abu “zai zo a sabuntawa ta gaba”, ku ce ya kunna ya nuna muku yanzu. Ku biya kuɗin abin da ke cikin wayar a ranar ciniki.

Malaman kwamfuta kuma, ga shawara mai sauƙi. Maimakon jumlar nan ta “marar tsari”, ku ba kowane rukunin ɗalibai abu ɗaya da ake jira a kanel, su bi shi tsawon zango ɗaya, mako goma ya isa a ga fitowa guda daga buɗe ƙofa zuwa ƙarshe. Su rubuta matakin da suka same shi, da matakin da suka bar shi, da dalilin da aka bayar in ya tsaya. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya, ranar da wani ya tsaya gabansa da dogon jerin “za mu yi”, ya san tambayar da zai fara yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.