Mu ma mu shiga jirgin

Akwai wani irin littafi da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. A cikinsa mutane suna shiga wani babban jirgi, su bar ƙasa, su nufi taurari. Can sai su gamu da waɗansu halittu masu hankali waɗanda ba mutane ba. Wani lokaci a yi yaƙi, wani lokaci a yi sulhu, wani lokaci har a haɗa zuri'a. Waɗansu iyaye suna ganin karanta irin wannan ɓata lokaci ne. Suna cewa: yaron da zai taimaki ubansa shayar da raƙuma a Tenhiya, me ya haɗa shi da taurari? A koya mashi lissafi da rubutun wasiƙa, ya isa.

Ni ra'ayina dabam ne. Ina ganin ya kamata ƴan lakwal na Damargu su ji waɗannan labarai, su yi gardama a kansu, su kuma rubuta nasu da Hausa. Ku saurara, yara, ku ji dalilaina.

Damargu a cikin littafi

A shekarar 1863 wani Bafaranshe mai suna Jules Verne ya fitar da littafi, Cinq semaines en ballon, wato mako biyar cikin balan-balan. A labarin, Turawan Ingila uku sun shiga kwando a ƙarƙashin wani ƙaton balan-balan. Sun taso daga Zanzibar, suka keta Afirka har Senegal. Sun bi ta kan tafkin Cadi, suka wuce ta kan Tagelel, nan cikin Damargu, suka nufi Agadas. Verne bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ya karanta labarin tafiyar Barth ne, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, wanda ya sauka a Tagelel a watan Janairu na 1851.

To, ga abin lura. A littafin nan masu jirgi su ke magana, su ke shawara. Mutanen ƙasa kuwa daga sama ake hango su, kuma sau da yawa da raini ake kwatanta su. Alhali a zamanin nan ɗin akwai wani yaron ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda ya bi Barth har Ingila a 1855. Ya ga teku, ya ji sanyi, ya duba yadda Turawa ke cin abinci, ya ba da labarin duka da Hausa, aka buga shi a 1885. A wurin Dorugu, Ingila wata duniya ce. Ashe ɗan ƙasar nan ya iya zuwa baƙuwar duniya ya komo da labari.

A 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, aka buga littafin Umaru Dembo a Zariya, Tauraruwa Mai Wutsiya. Wani yaro ne, Kilba, ya yi abota da baƙo daga sararin sama, Kolin Koliyo, baƙon ya ɗauke shi yawo. Da Hausa aka rubuta shi. A 2007 kuma Nnedi Okorafor, ƴar Amurka da iyayenta suka fito daga Najeriya, ta fitar da The Shadow Speaker, labarin wata yarinya a Nijar ta shekarar 2070. Idan waɗansu suna hango ƙasarmu a nan gaba, me zai hana mu ma mu hango ta?

Jirgi da rijiya

Dalilina na farko shi ne zaman tare. Ku tuna ayarin gishiri da ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma. Kwanaki ake yi ba rijiya, ba inuwa. Ruwan salka a ƙidaye yake, harawar raƙuma a ƙidaye take. Madugu yana duban taurari ya san hanya. Wanda ya sha fiye da rabonsa ya cuci kowa. Jirgin sararin sama ma haka yake. Akwai wata tasha da ke kewaya ƙasa a nisan kilomita 400 daga sama, bai ma kai nisan Damagaram zuwa Agadas ba. Tun watan Nuwamba na 2000 ba ta rabu da mutane ba, Amurkawa da Rashawa da waɗansu. Ruwa ya yi masu tsada har zufa da fitsari suke tacewa su sake sha. A 2023 an ba da sanarwa cewa suna maido da kashi 98 cikin 100 na ruwansu.

Marubuta suna son jirgi ne domin a cikinsa ba wurin gudu. Duk wanda ka ƙi, da shi za ka kwana. Ku ɗauki labarin Binti, wanda Okorafor ta fitar a 2015. Binti yarinya ce daga Himba, makiyayan Namibiya. Ta bar gida a ɓoye, ta shiga jirgi za ta babbar makaranta a wata duniya. A hanya waɗansu halittu da ake kira Meduse suka far wa jirgin, suka kashe abokan tafiyarta. Da ta samu hanyar jin maganarsu, sai ta gane ba banza suke faɗa ba. An sace wa sarkinsu wani sashe na jikinsa, an ajiye a gidan kayan tarihi na makarantar. Binti ta tsaya tsakani, aka mayar da abin, yaƙi ya kwanta.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. A Damargu Abzinawa da Fulani da Hausawa da Dagirawa suna haɗuwa a kasuwa ɗaya, a bakin rijiya ɗaya. A 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa, domin a bar wa dabbobi makiyaya. A 2010 aka yi wata doka da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Amma doka tana kan takarda. A bakin rijiya, sai an samu mai jin Tamajak da Fulatanci da Hausa, mai haƙurin tambaya kafin ya zare sanda. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu magana. Yaron da ya bi Binti cikin labari ya koyi tambaya ɗaya mai amfani: me aka yi wa wannan har ya fusata? Idan na ce a aji, "Bafulatani da Bahaushe sun yi faɗa," kowane yaro zai ja wa nasa. Idan na ce, "Mutum da Meduse," sai kowa ya natsu ya auna gaskiya.

Gado

Dalilina na biyu shi ne ilimin gado. Makiyayi ya san shi tun kafin a kawo lakwal. Ya san dalilin da ya sa ake zaɓen bijimi. Ya san saniyar Azawak da nono, ya san jan sa na Bororo da dogon ƙaho da juriyar tafiya. Manomi yana ware manyan zangarniyar gero domin iri. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin yadda abin ke gudana. A cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai akwai waɗansu siraran igiyoyi da ke ɗauke da gado, ana ce masu kuromozom. Mutum yana da 46, rabi daga uwa, rabi daga uba.

A 1987 Octavia Butler, baƙar fata ƴar Amurka, ta rubuta littafi mai suna Dawn. Yaƙi ya halaka duniya. Waɗansu halittu, Oankali, suka kwashe sauran mutane suka ajiye a jirginsu. Bayan shekara 250 suka ta da wata mace, Lilith. Sun warkar da ita daga ciwon daji, sun gyara ƙasa. Amma da sharaɗi: za su gauraya gadonsu da na mutane, ƴaƴan da za a haifa ba za su zama mutane zalla ba. Wanda ya ƙi, ba zai haihu ba. Littafin na manya ne, sai malami ya taƙaita wa yara. Amma tambayarsa kowa ya iya ɗauka. Wanda ya cece ka, yana da ikon ya sāke ka yadda yake so? Idan baƙo ya kawo mana irin shanu mai yawan nono amma marar juriyar fari, mu karɓa mu bar namu? Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san nauyin wannan tambaya.

Daga nan sai yaro ya tambaya: shin da gaske mutum zai iya haihuwa da wata halitta? Amsa tana bayan gida a ɗaure. Jaki yana da igiyoyin gado 62, goɗiya tana da 64. Idan suka haɗu sai a sami alfadari mai 63, ga ƙarfi, amma da wuya ƙwarai ya haihu. To, idan jaki da doki, da suke dangin juna, abin bai yi daidai ba, ina ga halittar wata duniya? Nan labari ya wuce kimiyya. Amma ta dalilinsa yaro ya fahimci gado. Gobe zai gane abin da ya sa likita ke cewa a auna jini kafin aure. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da gadon sikila, a kowane ciki akwai hatsarin ɗaya cikin huɗu yaro ya zo da ciwon. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Masu cewa ƙarya ce

Gaskiyarsu, ƙage ne. Har yau ba a ga wani mai rai a wajen ƙasarmu ba, ko da ƙwaro. Tauraron da ya fi kusa da rana, haskensa sai ya yi shekara huɗu da ƴan watanni kafin ya iso. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, in da can ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya. Amma wa ya taɓa hana kaka yin tatsuniya don Gizo ba ya magana? Yara sun san Gizo ƙage ne, sun kuma san haɗama gaskiya ce. Hatsari yana nan ne idan aka bar yaro shi kaɗai, ya kasa raba tsaba da tsakuwa. Wannan aikin malami ne. Bayan kowane labari a raba allo biyu. A dama a rubuta abin da aka tabbatar, a hagu abin da marubuci ya ƙaga.

Waɗansu kuma suna cewa littattafan ba su zuwa Tanut ko Belbeji, balle Tenhiya, kuma yawancinsu da Ingilishi suke. Haka ne. Amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Malami ya karanta ɗaya, ya ba da shi da baki. Sauran kuwa mu rubuta da kanmu. Muna da Zara, muna da Kaza da ƴaƴanta, muna da dare mai haske wanda fitilun birni ba su ɓata ba. Muna da madugai, muna da masu sulhu. Kayan labari sun cika. An riga an wuce ta kan Damargu ana hango mu daga sama. Yanzu ya rage mu shiga jirgin, mu faɗi abin da muka gani da bakinmu.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta jirgin sararin sama da ayarin gishiri?
2. Me ya fusata Meduse? Yaya Binti ta kashe wutar?
3. Don me alfadari ba ya cika haihuwa?
4. Da kai ne Lilith, za ka yarda da sharaɗin Oankali? Faɗi dalilinka.

Aiki

Rubuta labari na layi 15. Kai da wata baƙuwar halitta kuna cikin jirgi, ruwan kwana uku ya rage, tafiya kuwa ta kwana biyar ce.